Garuruwan Fireri na Kanada: tambayoyi da amsoshi kan abin da ke raya gari da abin da ke kashe shi

Idan aka ambaci Kanada, Toronto ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Amma alkamar ƙasar, da mafi yawan man fetur ɗinta, da takin da take sayar wa duniya, daga tsakiyarta suke fitowa, daga wani shimfiɗaɗɗen fili da mutum zai kwana biyu yana tuƙi bai ga ƙarshensa ba. Ga tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi mini game da wannan yanki.

Ina ne ake kira Fireri?

Larduna uku ne a jere daga gabas zuwa yamma: Manitoba, Saskatchewan da Alberta. Manitoba ta shiga tarayyar Kanada a 1870, sauran biyun a 1905. Sunan ya samo asali ne daga filin ciyawa mara itatuwa da ya mamaye kudancinsu, ko da yake arewacin kowannensu daji ne da tafkuna da duwatsu. A ƙidayar 2021 Alberta tana da mutum sama da miliyan 4, Manitoba wajen miliyan 1.3, Saskatchewan kuwa miliyan 1.1 da 'yan kai. Manyan biranen biyar ne: Calgary, Edmonton, Winnipeg, Saskatoon da Regina. Fiye da rabin mutanen Manitoba a Winnipeg kaɗai suke zaune.

Me ya sa ƙananan garuruwan suka jeru kamar an auna su da igiya?

Don kuwa auna su aka yi. A mafi yawan ƙasashe gari ne ke fara kafuwa, hanya ta biyo shi. A nan layin dogo ne ya fara zuwa, sannan ya haifi garuruwa. An kammala layin kamfanin Canadian Pacific a 1885, wasu kamfanoni suka biyo baya, kowanne yana ajiye tasha bayan kimanin mil 8 zuwa 10. Dalilin wannan tazara shi ne manomi ya iya ɗora hatsi a keken doki da safe, ya kai tasha, ya komo gida kafin dare. Inda aka ajiye tasha, nan rumbu ke tashi, sai kanti, sai maƙera, sai makaranta da coci.

Wani kamfanin ma bin jerin haruffa ya yi wajen raɗa wa tashoshinsa suna. Har gobe idan ka bi wani layi a Saskatchewan za ka wuce Fenwood, Goodeve, Hubbard, Ituna, Jasmin, Kelliher, Leross, ɗaya bayan ɗaya.

Gonakin ma haka. Gwamnati ta yanka ƙasar murabba'i murabba'i, kowane yanki mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, wato eka 640. Dokar filaye ta 1872 ta ce duk wanda ya biya dala 10 za a ba shi kwata ɗaya, eka 160, muddin ya zauna ya noma ta shekara uku. Wannan ne ya jawo mutane daga Ingila, Jamus, Amurka, Yukiren da sauran wurare. Har yanzu sau da yawa manomi ba ya ce maka yana da eka kaza. Cewa zai yi yana noma "kwata" goma sha biyu.

Kafin zuwansu filin ba shi da masu shi ne?

Yana da su, kuma suna nan. Ƙasar Cree ce da Blackfoot da Saulteaux da Dakota da Dene, da kuma Métis, jikokin auratayya tsakanin 'yan ƙasa da Turawa fatake masu cinikin fata. Rayuwar mutanen filin ta dogara ne kan ɓauna, wadda aka yi wa kisan ƙare dangi har ta kusa ɓacewa wajen 1880. Cikin wannan hali na yunwa aka yi ta sa hannu kan yarjejeniyoyi masu lamba tsakaninsu da gwamnati, waɗanda suka fara a 1871, aka killace mutane a keɓaɓɓun yankuna. Da Métis suka yi tawaye a 1885 aka murƙushe su a Batoche, aka rataye jagoransu Louis Riel a Regina.

Wannan ba tarihin da ya wuce ba ne. Talauci ya fi tsanani a cikin waɗannan al'ummomi, kuma baƙon da ya sauka Winnipeg ko Regina zai gani da idonsa. Ina roƙon duk wanda ya zo kada ya ari bakin wasu ya raina su kafin ya san abin da aka yi musu. A gefe guda kuma suna sake kama ƙasa a harkar kasuwanci. Tun 1988 al'ummar Muskeg Lake ta mallaki fili a cikin birnin Saskatoon mai ofisoshi da shaguna, wasu da dama suka bi sahunta.

Mene ne dogon ginin katakon nan da ake gani a hotunan kowane gari?

Rumbun hatsi ne. Ana gina shi a bakin layin dogo, a auna hatsin manomi, a ɗaga shi sama da na'ura, a zuba cikin tarago. An rubuta sunan garin ɓaro-ɓaro a jikinsa, kuma a fili irin wannan tun daga nesa za ka hango shi kafin ka ga rufin gida ko ɗaya. A shekarun 1930 akwai irinsa sama da 5,000. Yau na katakon kaɗan suka rage. A Inglis da ke Manitoba an adana guda biyar a jere don tarihi.

Abin da ya cinye su shi ne lissafin sufuri. Tun 1897 akwai yarjejeniyar da ta sauƙaƙa kuɗin dakon hatsi a jirgin ƙasa. Da aka soke tallafin a 1995, kamfanoni suka rufe ƙananan rassan layi, suka gina manyan rumbunan siminti masu cika tarago sama da ɗari a lokaci guda, ɗaya a madadin goma ko ashirin. Manomi ya koma kai hatsi da tirela zuwa wuri mai nisa. Tunda ya je can, a can zai sayi kayan gyara, ya shiga banki, ya ci abinci.

Na taɓa tsayawa a wani ƙauye a gabashin Saskatchewan da hantsi. Layin dogon an cire shi, sai tudun da ya bari. Makarantar a rufe, an buga katako a tagoginta. Amma a ɗan gidan shan gahawa na tarar da dattawa shida sun kewaye teburi guda, kowanne da hular kamfanin iri a kansa, ana ta musu kan farashin kanola, wata shukar man girki. Ɗayansu ya nuna mini wani fili ta taga ya ce nan rumbuna huɗu suke da. Ya ce ranar da aka rushe na ƙarshe, duk garin ya fito ya tsaya kallo, ba mai magana.

Me ake nomawa, kuma wa ke saye?

Alkama ce uwar gida. Irin da ake kira Marquis, wanda Charles Saunders ya samar a farkon ƙarni na 20, shi ya buɗe yankin, saboda yana nuna da wuri kafin sanyi ya kama shi. Damina a nan gajera ce: shuka a watan Mayu, girbi daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan da ke sauka a Regina a shekara, har da dusar ƙanƙara, bai kai na Kano ba. Abin da ke ceton amfanin gona shi ne ƙasa mai riƙe laima, da rana mai tsawo da ke kai awa 16 a tsakiyar shekara, da kuma dabarar shuka ba tare da huɗa ba, a bar karan bara a gona ya tare ƙanƙara ya hana iska kwashe ƙasa.

Sai kanola, mai fure rawaya, wadda ake tatsar man girki daga ƙwayarta. Masana biyu, Baldur Stefansson a Jami'ar Manitoba da Keith Downey a Saskatoon, su suka gyara irin a shekarun 1970 har ya zama abin ci. Yau tana gogayya da alkama wajen kawo kuɗi. Akwai sha'ir, akwai alkama mai tauri da ake yin taliya da kuskus da ita, wadda Italiya, Aljeriya da Maroko ke saye. Akwai adas, wani ɗan ƙaramin wake, wanda Saskatchewan ke cikin na gaba-gaba a duniya wajen fitar da shi, Indiya kuma babbar mai saye. Najeriya ma tana cikin masu sayen alkamar Kanada, saboda haka ba mamaki burodin da ka ci da shayi yau da safe akwai gumin wani manomin can a ciki.

Matsalar ita ce ba a nan ake yanka farashi ba. A 2019 ƙasar Sin ta hana manyan kamfanoni biyu shigar da kanola, a 2025 kuma ta ƙaƙaba haraji mai nauyi kan man kanola. Rigimar siyasa ce tsakanin manyan birane, amma a aljihun manomi ta ƙare. Daga 1935 akwai hukumar alkama da a 1943 ta zama ita kaɗai ke sayen alkamar yamma ta sayar a waje, har aka karya ikonta a 2012. Har yanzu za ka samu maƙwabta biyu da ba su jitu a kan wannan ba.

Idan noma na tafiya, me ya sa ƙauyuka ke mutuwa?

Saboda noman ba ya buƙatar mutane kamar da. A 1936 Saskatchewan tana da gonaki sama da 140,000. A 2021 sun koma kimanin 34,000, amma ƙasar da ake nomawa ba ta ragu ba. Matsakaiciyar gona ta haura eka 1,700. Uba da ɗansa da ma'aikaci ɗaya, da injin girbin da kuɗinsa ya fi na gida, suna yin aikin da iyalai goma ke yi a da. Iyali goma kuwa su ne ɗaliban makaranta, su ne masu ciniki a kanti. Hatsi ya ƙaru, mutane sun ragu. Ga shi an rufe kamfanin motocin safa na lardin a 2017, kamfanin safa na Greyhound ma ya janye daga yammacin ƙasar a 2018, sai tsohuwar da ba ta tuƙi ta rasa yadda za ta je ganin likita a birni.

Garuruwan da suka tsira galibi suna da wani abu banda gona. St. Brieux ƙauye ne na 'yan ɗaruruwan mutane, amma masana'antar Bourgault da ke can tana ƙera injunan shuka da ake kaiwa har ƙasashen waje.

Fotash ɗin da ake haƙowa a Saskatchewan kanwa ce?

A'a. Sunan ne ke rikita mutanenmu. Wannan wani gishiri ne ja-ja da ake yin taki da shi. Duk manomin da ya taɓa sayen buhun NPK, harafin K ɗin nan shi ne. Yana kwance ne kimanin mita 1,000 a ƙarƙashin gonakin alkama, ragowar wani teku da ya ƙafe tun fil azal, kuma wajen neman mai aka ci karo da shi a shekarun 1940. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fotash ɗin duniya daga nan yake fitowa. Esterhazy, Rocanville, Lanigan da Allan duk da shi suke rayuwa. Kamfanin Nutrien yana da hedkwata a Saskatoon, kamfanin BHP kuma yana gina wata babbar mahaƙa a Jansen. Albashin mahaƙa ya riƙe gonaki da yawa: mutum ya yi aikin dare a ƙarƙashin ƙasa, da rana ya hau tarakta.

Na ji ana haƙar yuraniyam kamar a Nijar. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, a can arewa mai nisa, a Cigar Lake da McArthur River, inda ma'adinin ya fi na ko'ina ƙarfi. Kamfanin Orano na Faransa, wanda mutanen Arlit suka sani, yana da masana'antar tacewa a McClean Lake. Yanzu ba a gina gari kusa da mahaƙa. Jirgin sama ke kai ma'aikata ya dawo da su. An koyi darasi ne daga Uranium City, garin da ya tara dubban mutane, aka rufe mahaƙarsa a 1982, ya watse cikin ƙanƙanin lokaci.

Yaya Alberta ta fi sauran kuɗi?

Ranar 13 ga Fabrairu 1947 rijiyar Leduc, kudu da Edmonton, ta feso mai, bayan kamfanin Imperial Oil ya haƙa rijiyoyi 133 ba sa'a. Daga ranar Alberta ta tashi daga lardin manoma. Calgary ta zama garin ofisoshin kamfanoni, Edmonton ta zama ta matatu da gwamnati da 'yan kwangila. Babbar dukiyar tana arewa, kusa da Fort McMurray, inda mai kauri kamar kwalta ya cakuɗe da yashi. Wani ana kwasarsa da manyan motoci a wanke shi da ruwan zafi, wani ana tura tururi cikin ƙasa a narkar da shi. An fara wannan aiki gadan-gadan a 1967.

Kuɗin mai ya sa Alberta ba ta karɓar harajin sayayya na lardi, ita kaɗai a cikin larduna goma. A 1976 firimiya Peter Lougheed ya kafa asusun ajiya don 'yan baya, amma gwamnatocin da suka biyo shi ba su riƙa zuba masa yadda ya kamata ba, abin da nake ganin babbar asara ce. Domin mai yana da ranar wanka yana da ranar jin jiki. Da farashi ya faɗi a 2014 aka sallami dubban ma'aikata, har kusan kashi uku cikin goma na ofisoshin tsakiyar Calgary suka zama wayam. A watan Mayun 2016 gobarar daji ta kori duk mutanen Fort McMurray, sama da 80,000, ta cinye gine-gine kimanin 2,400. Akwai kuma kukan al'ummomin da ke zaune a ƙasan kogin Athabasca kan ruwan da suke sha da kifin da suke ci, kukan da bai kamata a toshe masa kunne ba.

Shanu fa?

Kudancin Alberta ne gidansu. Ana kiwon maruƙa a fili, sannan a kai su wuraren turka kusa da Lethbridge, inda dubban shanu ke cin sha'ir har su yi ƙiba. Manyan mayanka biyu, ta Cargill a High River da ta JBS a Brooks, su ke yanka kaso mafi tsoka na naman shanun ƙasar. A 2003 saniya ɗaya tak da aka samu da cutar haukan shanu ta sa aka rufe iyakoki, farashi ya zube, makiyaya da yawa suka karye. Mayankar Brooks ta mai da ƙaramin gari matattarar 'yan Somaliya, Sudan, Habasha da Filifin.

Manitoba ba ta da man Alberta. Da me take rayuwa?

Da ɗan wannan da ɗan wancan, shi ya sa ba ta cika tashi sama ba, ba ta kuma cika faɗuwa ƙasa warwas ba. Madatsun ruwan kogin Nelson suna ba ta mafi yawan wutar da take amfani da ita, har ta sayar wa Amurka. A Winnipeg ana ƙera motocin safa na New Flyer da sassan jiragen Boeing, kuma a nan ake buga kwabban Kanada da na wasu ƙasashe da dama. A farkon ƙarni na 20 duk kayan da za su yamma ta Winnipeg suke bi, sai buɗe mashigin Panama a 1914 ya rage mata kasuwa.

Kudancin lardin ya fi ba ni sha'awa. Steinbach, Winkler, Morden da Altona garuruwan Mennonite ne, wata ɗariƙar Kirista mai son aiki da zumunci. Maimakon su bar 'ya'yansu su tafi birni, sai suka kafa ƙananan masana'antu: tagogi, tireloli, kayan gona, ɗab'in littattafai. Yayin da wasu ƙauyuka ke rufe makarantu, su gina sababbi suke yi. Arewa kuwa labarin daban ne: an rufe matatar nikel ta Thompson a 2018, babbar mahaƙar Flin Flon ta tsaya a 2022.

Me ya sa ko'ina sai ka ga kanti da gidan mai na ƙungiyar gama kai?

Wahala ce ta koya musu. A shekarun 1930 fari ya haɗu da faɗuwar farashi, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona har rana ta yi duhu, fara ta cinye abin da ya rage. Manoman da suka ga banki da kamfanin jirgi da 'yan kasuwar hatsi duk a gabas suke, sai suka haɗa hannu suka kafa nasu kantuna da asusun lamuni, har da matatar mai a Regina wadda ke aiki har yau. Wannan ruhi ne ya kawo Tommy Douglas mulki a Saskatchewan a 1944, kuma daga wannan lardi aka fara inshorar lafiya ta kowa da kowa a 1962, kafin sauran ƙasar ta ɗauka.

Me ya sa suke yawan ƙorafi kan gwamnatin tarayya?

Nisa da teku. Daga Regina zuwa tashar Vancouver ya haura kilomita 1,500, ga manyan duwatsu a tsakani. Alkama, fotash da mai duk sai sun bi layin dogo ko bututu ta ƙasar wasu, kuma a Ottawa, babban birnin ƙasar, ake yanke hukunci. Mutanen Alberta ba su manta da shirin makamashi na 1980 ba, wanda suke ganin ya ƙwace musu dukiya. Faɗaɗa bututun mai na Trans Mountain sai da gwamnatin tarayya ta saye shi a 2018 kafin ya fara aiki a 2024. Tashar teku ɗaya tak yankin yake da ita, Churchill a arewacin Manitoba, kuma ƙanƙara ke rufe ta mafi yawan shekara.

Baƙo zai iya zuwa ya sayi gona, ko ya samu aiki a ƙaramin gari?

Gona da wuya. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne ko mai izinin zama na dindindin, doka ta taƙaita masa: eka 10 a Saskatchewan, 20 a Alberta, 40 a Manitoba. Ko da izinin, kuɗin ƙasa da injuna sun fi ƙarfin mai farawa.

Aiki kuwa akwai. Manitoba ce ta fara tsarin da lardi ke zaɓen baƙin da yake buƙata, a 1998, kuma ƙananan garuruwa na neman ma'aikatan jinya, likitoci, masu walda, makanikai da direbobin tirela. Sai dai ka tambaya da kyau kafin ka karɓa. Manyan masana'antun nama na Brandon da Neepawa na alade ne, wanda Musulmi zai so ya sani tun yana gida. Ka kuma yi hattara da dillalan da ke sayar da takardar aiki; dokokin shige da fice suna sauyawa, a shafin gwamnati ake duba su.

Musulunci ba baƙo ba ne a yankin. Masallaci na farko a Kanada, Al-Rashid, a Edmonton aka buɗe shi a 1938, kuma garin Lac La Biche yana da zuriyar fataken Labanon da suka zo cinikin fata fiye da shekara ɗari da suka wuce. Manyan biranen duk suna da masallatai da naman halal. A ƙaramin gari kuwa wataƙila ku biyar ne za ku yi Juma'a a wani ɗaki da kuka kama haya.

Sanyi shi ne jarrabawar farko. A watan Janairu ma'auni kan sauka 30 ko 40 ƙasa da sifili. Za ka ga igiyar lantarki tana leƙowa daga gaban kowace mota, da dare a jona ta a bango don kada injin ya daskare. Shekarata ta farko motata ta zame cikin rami a wata hanyar tsakuwa da magariba, ba gida ko ɗaya a kusa. Ban yi minti goma ba wani manomi ya tsaya da akori-kurarsa, ya ɗaura sarƙa ya jawo ni, ya ƙi karɓar ko kwabo. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko ina da yara, don makarantar garinsu saura ɗalibai kaɗan a rufe ta.